Gidan da Maude Ya Saya a Batsari

Akwai wani mutumin Karare da ake kira Maude, ya yi zamaninsa lokacin mulkin Turawa, shekarun da gyaɗa ke da daraja. Manomi ne mai ƙwazo, amma ba ya iya jira. Ko ruwa ya ce a kawo masa, kafin a ɗauko moɗa ya fara tsaki.

Wata shekara wani wakilin kamfani ya yi masa alkawarin sikeli, Maude ya riƙa saya wa kamfanin gyaɗa a kasuwar Batsari. Sharaɗin kawai shi ne ya sami gida cikin gari, mai zaure babba inda za a tara buhuna, kafin kaka ta kama.

Surukinsa Malam Abdurrahim ya ce masa, "Ka je wurin Hamidu dillali. Ba shi da sauri, amma ban taɓa jin wanda ya yi kuka da shi ba."

Hamidu dattijo ne mai yawan shiru. Ya kai Maude wani gida kusa da kasuwa, na wani marigayi. Ga zaure kamar an gina shi don gyaɗa, ga rijiya daga shiga, ga ɗakuna a ciki. Ɗan marigayin, Daudu, shi ke son sayarwa.

Maude ya ce, "Wannan ya yi mini. A gama yau."

Hamidu ya girgiza kai. "Ba yau ba. Marigayin ya bar ɗiya, Zuwairatu, tana aure a Safana. Sai na ji daga bakinta, sannan mu je gaban mai unguwa da shaidu."

"Ba ga ɗan'uwanta nan ba?"

"Bakinsa daban, nata daban."

Hamidu ya hau jakinsa ya nufi Safana. Ƙarshen damina ne, ya tarar korama ta cika, ya juyo. Da ruwa ya ja ya koma, aka ce masa ta tafi suna wani ƙauye. Ya dawo hannu biyu.

Maude kuwa kullum yana hanya tsakanin Karare da Batsari. Ya baro gonarsa, ya sha rana, a ce masa a ƙara haƙuri. Gyaɗa ta fara nuna, wasu har sun fara cira.

Don kada lokaci ya ƙure, Hamidu ya nuna masa wani gidan, ya kuma kira Mani magini ya duba. Mani ya ƙwanƙwasa bango, ya hau ya taɓa azara, ya sauko yana kakkaɓe hannu. Ya ce gara ta cinye rufin, damina mai zuwa ba zai kai ba.

Nan ran Maude ya ɓaci. Ya ce, "Baba Hamidu, gida na zo saye ko yawo? Wannan a jira mace, wancan gara. Ko dai ba ka son in zauna garinku ne?"

Hamidu bai ɗaga murya ba. "Yaro, ni ma la'adata nake so. Amma ba zan saka ka inda za ka zo kana zagina ba."

Maude ya kaɗa rigarsa ya tafi, ko sallama babu.

A rumfar mai goro wani mutum ya matso kusa da shi, fes da shi, hula a karkace. Sunansa Jinjiri, shi ma dillali ne.

"Maigida, na ji abin da tsohon nan ke yi maka. Gidan Daudu kake so? Gobe ka kwana ciki. Mace da ke gidan mijinta, ina ruwanta da gida a Batsari?"

Maganar ta yi wa Maude daɗi, don abin da yake son ji ke nan. Ya tambaya ko za a je wurin mai unguwa. Jinjiri ya yi dariya ya ce mai unguwa yana fama da haraji, Di'o, Baturen mulki, na tafe rangadi, ba shi da lokacin kowa. Ya kawo abokansa biyu suka zama shaidu. Aka yi ciniki bayan kasuwa, aka shafa fatiha, aka watse.

Da Malam Abdurrahim ya ji, abin da ya ce kawai, "Ka tambayi maƙwabta?"

Maude ya ce, "An riga an gama, Malam."

Ya kwaso matarsa Saude da yara daga Karare. Ya yaɓe zaure, ya sa sabuwar ƙofa, ya yashe rijiya. Aka kawo sikeli aka rataye. Buhuna suka fara taruwa har kusa da rufi. Idan Hamidu ya wuce, Maude sai ya ɗaga murya yana ba 'yan dako umarni don ya ji.

Wata ranar kasuwa, ana cikin awo, wata mata ta sauko daga jaki a ƙofar gidan, mijinta na biye. Ta tsaya tana kallon zauren. Sannan ta ce, "Sannunku da aiki. Wa ya zuba kaya a zaurena?"

Zuwairatu ce.

Maude ya ce ya saya, yana da shaidu. Ta ce, "Ban zo faɗa da kai ba, bawan Allah. Mahaifina tun yana da rai ya ba ni zauren nan da rijiya da ɗakin gaba. Duk unguwar nan sun sani."

Aka tafi gaban alƙali. Mai unguwa ya tashi ya ba da shaida, maƙwabta tsofaffi suka bi bayansa. Alƙali ya dubi Maude ya ce, "Ina naka shaidun?"

Aka nemi Jinjiri, aka ce ya bi motar gyaɗa zuwa Kano. Abokansa biyu suka ce su an kira su shafa fatiha ne kawai. Daudu kuwa tuni ya tafi ci-rani Kurmi.

Alƙali ya ce, "Daudu ya sayar maka da nasa, wannan ya tabbata. Abin da ba nasa ba kuwa bai sayu ba. Da ka taka zuwa wurin mai unguwa, da ka ji wannan tun kafin ka shiga."

Maude ya roƙi Zuwairatu ta sayar masa da ɓangarenta. Ta ƙi. Ta ce ɗanta na fari zai yi aure, nan za ta zaunar da shi. Ya roƙa ta bar masa zauren zuwa ƙarshen kaka. Ta ce da an tambaye ta tun farko da ta yarda, amma wanda ya shige mata gida bai ko aiko da gaisuwa ba, ba ta ga dalili ba.

Aka ja katanga tsakiyar gida. Wakilin kamfani ya zo ya ga buhuna zube a waje, ya sa aka sauke sikelinsa, ya ba wani.

Maude ya tsaya a ɓangarensa, ɗakuna biyu da ɗan fili, ba rijiya, ba hanyar fita. Dole ya ɗauki diga ya fasa ƙofa ta bangon baya, wadda ta ɓulla wani lungu inda ake ɗaure jakunan kasuwa.

Yana cikin fasawa, gumi na zuba, Saude ta fito da tulu a kai, za ta roƙo ruwa maƙwabta. Ta tsaya tana jira ya gama ta sami wurin wucewa. Ba ta yi masa gori ba. Cewa kawai ta yi, "Maigida, faɗaɗa ta kaɗan, tulun ba zai shige ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da sara.

Darasi: Idan za ka sayi gida, nemi dillali mai tsoron Allah, ka kira magini ya duba, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ka kuma ji daga bakin kowane magaji, namiji ne ko mace. Wanda ya ce maka "dakata" sau da yawa shi ke ƙaunarka, ba mai ce maka "an gama" ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana neman muhalli a yanzu.