Hannun da Baba George Bai Gani Ba

Akwai wani saurayi a unguwar Kwaciri mai suna Bahauddeen. Ba yaron banza ba ne, kar ku ce na ɓata shi. Yana sallah, yana ciyar da uwarsa, ba a taɓa ganinsa a majalisar 'yan shaye-shaye ba. Aibinsa guda ɗaya ne, shi ma da ƙafarsa ya je kasuwa ya sayo.

Mahaifinsa Malam Dabo asalinsa mutumin Biu ne, fatauci ya zaunar da shi a Kano. Amininsa shi ne maƙwabcinsu Baba George, malamin makaranta daga wajen Zariya. Wannan masallaci, wancan coci, amma kwanon tuwonsu ɗaya. Da Dabo ya kwanta ciwon ajali, George ne ya yi jinyarsa a asibiti, kuma a kunnensa ya yi maganarsa ta ƙarshe. Lokacin Bahauddeen yana firamare.

Tun daga nan, kowace safiya yaron sai ya tsaya a bencin ƙofar gidan tsohon, ya durƙusa ya gaishe shi. Shi kuma ya dafa kansa ya ce:

"Ɗan Dabo, akwai maganar da ubanka ya bar maka a wajena. Ya ce kar in ba ka sai ka zama mutum."

"To Baba, yanzu ni mene ne?"

"Yanzu ɗan tsako ne kai. Wuce makaranta."

Ko uwarsa, Inna Fanta, ba ta san maganar ba. Bahauddeen ya girma yana ɗokin ranar da zai ji ta, don ita kaɗai ce abin da ya rage masa na bakin ubansa.

Allah Ya yi, ya gama karatu, ya samu aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a Titin Ibrahim Taiwo. Har an kai masa gaisuwa gidan su wata yarinya, Jawahir.

Sai dai hanyar zuwa aikin ta ishe shi. Wanda ya san adaidaita sahu da safe ya san abin da nake faɗa. Direba ya ƙure waƙa, na baya yana hon, mai maganin basir ya ɗora lasifika a kan mota yana faɗin abin da kunnen ɗan mutunci bai kamata ya ji ba. Kafin ya isa ofis kansa ya ɗau zafi.

Da ya karɓi albashi sai ya nufi Kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan waya, shagon wani Uchenna. Uchenna haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasunku da ke karanta wannan.

"Abin kunne nake so," in ji Bahauddeen. "Mai sauti, wanda zai raba ni da hayaniya."

Uchenna ya ajiye masa guda biyu a kan gilashi. Ɗaya ƙaramin iyafis ne, mai zama a bakin kunne. Ɗayan babban hedifon ne baƙi, mai soso, wanda ke rufe kunne ruf.

Ya gwada ƙaramin. Sauti ba laifi, amma yana jin janaretan maƙwabta, yana jin mai kura yana cewa a ba shi hanya. Ya yatsine fuska ya ɗauki babban. Uchenna ya danna masa wani maɓalli a gefe.

Kasuwar Sabon Gari, da duk hargowarta, ta mutu ɗif.

Kiɗa ya sauko masa har cikin ƙirji. Ya ga bakin Uchenna yana motsi, ba ya jin komai, sai ya yi murmushi. Uchenna ya ɗage masa gefe ɗaya.

"Oga, tun ɗazu nake maka magana."

"Shi nake so."

"Sauti kam ya fi, ba zan maka ƙarya ba. Amma wannan na mai tafiya a jirgi ne, ko mai aiki shi kaɗai a ɗaki. Kai ka ce adaidaita kake hawa, kuma kana taka ƙafa a lungu. Ɗauki ƙaramin. Za ka ji waƙarka, ka ji mota, ka ji mai kiranka."

"Ai masu kiran nawa nake gudu."

"To ka riƙa barin kunne ɗaya a waje. Garin nan da kunne ake tafiya a cikinsa."

Bahauddeen ya yi dariya. "Kai ɗan kasuwa ne ko mai wa'azi?"

"Ɗan kasuwa ne. Babban ma ya fi min riba. Kawo in naɗe maka."

Da fari sai ya shiga adaidaita yake sa shi. Daga baya ya koma sawa a bakin titi. Kun san halin daɗi, ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Ba a jima ba ya zama tun daga ɗaki yake fitowa da shi a ka.

To ga bencin Baba George a kan hanya. Cire abin, kashe waƙa, durƙusawa da wandon ofis, sai ya ga abin ya yi masa tsawo. Sai ya samo dabara: in ya zo daidai bencin ya rage sauri, ya ɗaga hannu, ya ɗan sunkuyar da kai. Yana ganin bakin tsohon na motsi, sai ya ce a ransa, ai ya amsa.

Abin da bai sani ba, idon Baba George ya tafi. Irin ciwon nan ne da ido ke buɗe fes amma ba gani. Tsohon kuma mai jin kai ne, ya ɓoye wa unguwa, don kar 'yarsa Magret ta zo ta kwashe shi zuwa gidanta a Sabon Gari. Da takun ƙafa yake gane mutane. Na Bahauddeen kuwa ba ya ɓace masa, don yana jan dunduniyar hagu kamar ubansa.

Saboda haka duk safiya sai ya ji takun, ya gyara zama, ya ce, "Ɗan Dabo." Takun ya rage sauri, sannan ya wuce. Hannun da ake ɗaga masa, bai taɓa ganinsa ba.

Wata rana da yamma Inna Fanta ta tare ɗanta.

"Baba George yana cigiyarka. Ya ce lokacin maganar nan ya yi, tunda ga aiki ga aure."

"Zan je, Inna. Sai ranar da na samu natsuwa, ba magana ce ta tsaye-tsaye ba."

"Yaushe rabonka da gaishe shi?"

"Kullum muna gaisawa."

"Da baki?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba:

"Ubanka bai taɓa wuce bencin nan da takalmi a ƙafa ba in akwai babba a kai. Kai kuma ka ɗaura wa kanka faifai biyu kana tafiya kamar raƙumin da aka rufe wa ido. Ka cire abin nan ka je."

"Asabar, in sha Allahu."

Asabar ta zo, ya tafi zance gidan su Jawahir. Lahadi tsohon yana coci. Ya ce wata Asabar ɗin. Ai maganar ta jira shekara da shekaru, me zai same ta a mako guda?

Da safiyar wata Laraba ya fito a makare, kiɗa a kunne. Ya zo bencin, ya ɗaga hannu, ya wuce.

A ranar Baba George bai zauna ba. Ya miƙe da sandarsa ya bi takun, yana kira. Bai yi nisa ba hawan jini ya buge shi, ya faɗi a bakin kwata. Mai shayi ya saki ludayi ya ruga. Mata suka leƙo suna salati. Mutane suna ƙwala wa Bahauddeen kira, don shi ne mafi kusa, shi ne kuma ɗan gida.

Shi kuwa yana gaba kaɗan, yana gyaɗa kai. Ya tsayar da adaidaita ya shige.

Sai da ya kusa ofis waƙar ta katse, kiran Inna ya shigo. Ta cikin hedifon ɗin da ya toshe masa unguwa, ta nan labarin ya same shi, tar, ba ko ƙura.

Ya je asibiti, tsohon bai san wanda ke kansa ba. Da aka sallame shi Magret ta wuce da shi gidanta. Can Bahauddeen ya same su, a wani bene da ke bayan kasuwa, ba nisa da shagon da ya yi sayayyarsa.

Magret ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ba shi hanya nan take ba.

"Baha, ka san Baba ba ya gani?"

"Ba ya gani kamar yaya, Yaya Magret? Kullum ina ɗaga masa hannu."

"Hannu." Ta dube shi. "Ni ma sai a asibiti likita ya gaya min. Ya daɗe a cikin duhu, shi kaɗai."

Ta ci gaba:

"Mai shayinku ya ce ya taɓa ba Baba haƙuri, ya ce masa wani abu ne kake sawa a kunne. Ka san abin da ya ce? Ya ce, kunne ya toshe, ƙafar ma ta toshe? Da na je ganinsa kwanaki, sai ya ce min wataƙila ɗan Dabo ya girma, yana jin nauyin a gan shi durƙushe gaban tsohon Kirista. Na ce Baba, Baha ba haka yake ba. Ya ce to me na yi masa?"

"Wallahi Yaya ba haka ba ne."

"Na sani. Shiga ka gaya masa."

Tsohon yana kwance a kan katifa, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakin ya karkace. Bahauddeen ya cire takalmi tun daga ƙofa. Ya tako, yana jan dunduniyar hagu, sai ya ga kan tsohon ya juyo.

Ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ni ne, ɗan Dabo. Na zo."

Bakin Baba George ya fara motsi. Ya yi ta motsi, jijiyoyin wuya suka tashi, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Irin motsin nan ne da Bahauddeen ya yi ta gani kowace safiya daga cikin waƙarsa. Yanzu kunnuwansa biyu a buɗe, ya kai su har bakin tsohon.

"Baba, ina ji. Maganar da mahaifina ya bari. Ina jin ka."

Tsohon ya gaji ya daina. Hawaye ya gangaro ta gefen ido. Can sai ya tattara ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya riƙe shi a sama kaɗan, ya sauke.

Iyakar amsar da Bahauddeen ya samu ke nan.

Ya ci gaba da zuwa safe da yamma, yana gaisuwa da baki, ana ɗaga masa hannu. Baba George bai ga Kirsimetin shekarar ba. Maganar Malam Dabo ta bi shi ƙasa, kuma duk duniya babu wanda ya san ta.

An ɗaura aure, Jawahir ta tare. Hedifon yana nan rataye a ƙusa a bayan ƙofa, lafiyarsa ƙalau, bai yi laifin komai ba. Abin da aka saye shi ya yi, shi ya yi.

Darasi: Ban ce kar ku sayi abin kunne ba, ku saya, hayaniyar garin nan ta isa. Amma kafin ka tambayi mai shago wanne ya fi toshe kunne, tambayi kanka wa ke kiranka a hanya. Gaisuwa da baki ake yin ta, a tsaye cak, ɗaga hannu na direbobi ne. Tsohon da ya ce ka zo, yau yake nufi, ba shi da Asabar a aljihu. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku wannan, in kuma abin yana kunnensu, ku zare musu ɗaya ku karanta musu.