Tunau Maharbi da Lungunan Dagazau

A zamanin da dajin Dagazau bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Kirarinsa shi ne: Tunau na Tarana, mai kwana da kwari, dodon namun dawa! Tarana yayarsa ce, ita ta raine shi. Shi ya fara kafa bukka a dajin, mutane suka biyo shi har wuri ya zama gari. Suka ja ganuwa, suka shimfiɗa hanya ɗaya miƙaƙƙiya mai faɗi daga ƙofar gabas zuwa ta yamma, kasuwa a tsakiyarta.

Wata shekara Tunau ya harbe wani ɗan ɓauna a bakin fadama. Yana cikin fiɗa ya ɗaga kai, sai ga uwar tsaye, baƙa wuluk, ƙahonta kamar reshen kuka. Ba ta taso masa ba. Kallonsa kawai ta yi, ta juya.

Ran kasuwa, rana tsaka, ƙasa ta fara rawa. Ɓaunar ta ɓalle ƙofar gabas, ta miƙe hanyar nan a guje, duk wanda ta tarar ta tattake, ta fice ta yamma. Mutum tara aka binne. Kasuwa ta zagayo, ɓaunar ta dawo. Tunau ya sakar mata kibiya uku, suka zube kamar an jefi dutse da kara. A zuwa na huɗu ta tarar da Tarana ɗauke da ƙwaryar fura, ta tattake ta.

Tunau yana gani. Ɓaunar ta yo kansa, ya faɗa bayan wani rumbu. Ta wuce fuu, ta kasa juyowa, sai da ta dangana da ganuwa.

Bayan an binne yayarsa, ya je gaban Maigari Ɓaidu.

"Ranka ya daɗe, ni na jawo ta. Amma na ga abu guda: idan ta ɗauki gudu ba ta iya karya kwana. Hanyarmu ce ke ba ta mu."

"To, me kake so a yi, Tunau?"

"A kashe hanyar."

Dattawa suka yi gunaguni, don gidaje da yawa za a rushe. Maigari ya dubi sababbin kaburbura, ya ce a yi.

Tunau ya riƙa jan bakansa a ƙasa, magina suna bin zanen da tubali. Duk taku arba'in sai lungu ya karkata. Faɗinsa daidai wucewar jaki da mangala, katangu dogaye, wani lungun ya ɓulle, wani ya mutu a jikin bango. Ba su gama ba sai ana gobe kasuwa.

Rana ta take, gari ya yi tsit, kowa ya kulle ƙofa. Tunau ya tsaya shi kaɗai a ƙofar gabas. Da ya hango ta, ya juya ya zura da gudu. A kwana ta fari ɓaunar ta daki bango, ƙasa ta zubo masa a ka. Ta biyu ma haka. Yana jin hucinta a ƙeyarsa, zafi kamar bakin maƙera. A kwana ta bakwai ya shige wani lungu mai tsukewa, ya kama katanga ya haye. Ɓaunar ta kutsa, ƙahonta ya cije a bango hagu da dama. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Ba wanda ya iya kashe ta. Magina suka toshe lungun gaba da baya, suka rufe sama, tana ciki tana huci. Tunau kuwa bai sake ɗaukar baka ba har ya mutu.

Har yau lungunan Dagazau a karkace suke. Inuwa ba ta rabuwa da su, baƙo kuma sai da ɗan gari yake fita. Magini ba ya jan katanga ta wuce taku arba'in bai lanƙwasa ta ba. Akwai wani bango mara ƙofa da ake kira Makarin Tunau, inda aka rufe ɓaunar, ana yaɓe shi kowace shekara kafin damina. Masu wucewa ta nan da rana tsaka sukan yi shiru, su ɗaga ƙafa.