Mariƙin Wayar Baba

Akwai wani mai gyaran wutar babura, 'yan'uwa, wanda abokan sana'a ke kira Injiniya saboda hannunsa ba ya kuskure. Mahaifinsa a kan babur ya tsufa, yana kai mutane da kaya. A zamaninsa ko lungun da kare bai sani ba, shi ya sani.

Sai tsufa ya fara taɓa masa tunani. Wata rana maƙwabci ya tsince shi a mararraba, babur a kunne, yana kallon hanyoyi kamar baƙon da aka sauke yanzu.

Mahaifiyar Injiniya ta kira shi gefe, ta ce, "Ba hanya kaɗai yake mantawa ba. Jiya sunan ƙanwarka ya ɓace masa. Ka riƙa zuwa kuna zama, kullum sai ya yi cigiyarka."

Ya ce, "Umma, zama ba ya gyara komai. Taswira tana cikin wayarsa. Mariƙin wayar ne ya saki, caji kuma ba ya kai masa yini. Ki bar min."

Ya zo da kayan aiki wata safiya. Ya kwance tsohon mariƙin na roba da ya tsage, ya ɗaura na ƙarfe a hannun babur. Ya cire kujera, ya ja wuta daga makunni ba daga batir kai tsaye ba, don kada tsoho ya manta caja a jone batir ya mutu. Ya sa fis don kada wuta ta ƙona wayar, ya bi da igiyar caja ta ƙarƙashin tanki, ya naɗe kowane haɗi tsaf.

Baba ya jawo benci kusa da shi yana murmushi. "Injiniya ba takarda. Ka san a kan tankin irin wannan na fara ɗora ka? Ka damƙi madubi, ka ƙi saki, har..."

"Baba, matsa kaɗan, kana tare min haske."

Ya matsa. Can ya sake cewa, "Wai ka ƙi saki fa, har..."

"Ka ba ni labarin nan ya fi a ƙirga. Riƙe min sukurun nan."

Tsoho ya riƙe. Injiniya ya sa gidansu a taswira, ya nuna masa inda zai danna, ya goge hannu ya koma shago.

Aiki kam ya yi kyau. Baba bai sake ɓata ba. Duk sanda Umma ta kira, amsar ɗaya ce: "Ba yana dawowa gida ba? Zan leƙo in na samu sarari." Damina ta wuce sarari bai samu ba.

Abin da ya kawo shi a ƙarshe saƙo ne cewa mariƙin ya fara girgiza. Ya tarar da babur a jingine, tayoyi sun sace. Umma ta ɓoye makulli tuni, ƙarya ta yi masa don ya zo. Duk da haka ya tsuguna yana ɗaure abin da bai kwance ba.

Baba yana zaune a benci yana kallon hannunsa. Ya ce, "Bawan Allah, hannunka yana da kyau. Ɗana ma wannan sana'ar yake, sai dai aiki ya yi masa yawa. In kun haɗu ka gaishe shi."

Injiniya ya ajiye sifana ya zauna kusa da shi. "Baba, ni ne. Ba ni labarin tankin nan."

Tsoho ya daɗe yana dubansa. "Wane tanki?" Sannan ya juya ya ce, "Ku kawo wa baƙo ruwa."

Darasi: Abin da iyaye ke nema a wajenmu ba duka ake ɗaurawa da sukuru ba. Ka zauna ka saurari labarin da ka gaji da ji, tun mai ba da shi yana gane ka. Ku tura wa duk wanda kuka san ya daɗe yana cewa "zan leƙo".