Tarar Rafi

Ƙawata Briskila, zauna ki ji misalin da na shirya wa yara don ran Lahadi. Da hannuna na rubuta shi, a hankali, yadda na koyi karatun.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni, shi kaɗai ya rage da albasarsa da tumatirinsa. Sai wani attajiri ya kafa majema a saman rafin, yana sako ruwan jima a ciki. Rafi ya yi baƙi, kifaye suka mutu, lambun ya bushe ƙamas.

Hukuma ta aiko ma'aikata, suka ɗebi ruwan a kwalba, aka ci attajirin tara mai yawa. Da mai lambu ya ji, ya ce, "Ubangiji ya dube ni." Ya fito da ɗan irin da ya ɓoye, kullum yana zaune a gindin giginya yana duban hanya, ko za a zo a gyara ruwan. Rani ya wuce, ba wanda ya zo.

Sai ya tashi ya tafi ofishin hukuma a birni. Ya ce wa wani ma'aikaci, "Ranka ya daɗe, na biyo sawun tarar rafinmu ne."

Ma'aikacin ya yi dariya, ya ce, "Haba Baba, tara ai ba diyya ba ce. Diyya ta wanda aka cuta ce. Tara ta gwamnati ce, ta shiga baitulmali."

"To, daga can ina ta nufa?"

Ma'aikacin ya nuna masa ta taga. Ga sabon shataletale, an yi masa famfo a tsakiya, ruwa fari tas yana feshi sama. Mutumin ya daɗe yana kallon ruwan nan. Sa'an nan ya koma gida da irinsa a aljihu.

Ma'anar wannan misali ita ce, inda aka yi ɓarna, nan gyara ya kamata ya fara sauka. Masu mulki su ji. Amma yara, mu ma haka muke yi: mu cuci maƙwabci, mu zo majami'a mu sa baiko, mu ce an gama. Maƙwabcin kuwa yana can yana duban hanya.

A nan zan tsaya da yara. Ke kuwa, ga sauran. Kin san zogalen Mama Tabita, tsohuwar nan da ke bayan gidanmu ita kaɗai? Ruwan wankina ne ya kashe shi bara. Na ninka baikona wata uku, ban taɓa leƙa ta ba. Ina cikin rubutun nan na ga fuskarta a gindin giginyar.

Na yanko rassan zogale biyar, gobe da safe zan je in dasa mata. Don Allah, ƙawata, kada ki faɗa wa kowa. Ina so ta fara ji daga bakina.