Farar Ƙwaya a Kwalbar Inna

An yi wani mutum a nan Gyadi-Gyadi. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma 'ya'yansa suna sallah a sahu ɗaya da ku. Ma'aikacin gwamnati ne mai matsakaicin muƙami. Yana zaune da matarsa Balaraba, da 'ya'ya huɗu, da mahaifiyarsa wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar mahaifinsa. Tsohuwar tana fama da hawan jini. Likita ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya, ya ce ɗaya kullum da safe, kada a yi fashin ko da kwana guda, har iyakar rayuwarta. Ɗan nata ne mai sayowa, shi ne mai zubawa a kwalba.

Da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Dattawan cikinku sun tuna. Wanda jiya yake tura keke zuwa ofis, sai ga shi a kan babur. Ni'ima ce daga Allah, babu musu. Amma ni'ima jarrabawa ce, kuma mutumin nan tun a tambayar farko ya faɗi.

Ranar da albashi ya shigo, ba gidansa ke fara sani ba, tela ke fara sani. Kowane wata sabuwar shadda, sabuwar hula. Da yamma a majalisa shi ke sayen tsire da lemo, a ci ana yi masa kirari. In ana biki daga nan har Unguwar Gano, yana tsakiyar fili yana liƙi. Da wayar salula ta shigo gari, yana cikin na farko da suka rataya ta a ƙugu, alhali babu mai kiransa sai abokan cin tsire. Kafin wata ya raba, aljihu ya bushe ƙayau.

Balaraba ta sha yi masa magana. Wata rana, lokacin kaka, ta ce, "Malam, hatsi yana araha yanzu. Ko buhun masara ɗaya ne mu ajiye. Maganin Inna ma a sayi na wata uku, hankali ya kwanta."

Ya yi dariya ya ce, "Ke, kin taɓa jin gwamnati ta mutu? Albashi ba ya fashi."

A layinsu akwai Malam Mu'azu, masinja a ma'aikatarsu, wanda albashinsa bai kai rabin nasa ba. Duk kaka sai ya je kasuwar Dawanau ya auno gero da masara ya jibge a ɗaki, matarsa kuma tana kiwon awaki a bayan gida. Mutumin namu ya laƙaba masa suna Gafiya, wai ba ya gajiya da tarin hatsi a rami. A majalisa a yi ta dariya, Malam Mu'azu ya wuce abinsa.

Ya 'yan uwa, tanadi ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fi mu sanin Allah, amma shekara bakwai ya yi yana tara hatsi saboda shekara bakwai masu zuwa. Kai wane ne da za ka cinye na yau da na gobe a zama ɗaya, sannan ka kira shi dogaro ga Allah?

Sai wata shekara ƙungiyar ma'aikata da gwamnati suka saɓa. Aka shiga yajin aiki. Aka garƙame ofisoshi, asibitocin gwamnati ma babu kowa sai masu gadi. Aka ce sati biyu ne a daidaita. Wata ya ƙare babu albashi. Na biyu ya kama. Majalisa ta watse, domin dama tsire ne ya tara ta. Balaraba ta fara fitar da kwanukanta na aure ɗaya bayan ɗaya, tana sayarwa ana auno garin tuwo. A sati na biyar, ƙwayar Inna ta ƙare.

Allah ba ya kama bawa sai ya buɗe masa ƙofa tukuna. Da safiyar ranar da ƙwayar ta ƙare Malam Mu'azu ya yi sallama da rabin buhun masara a kan keke. Ya ce, "Yallaɓai, ga wannan a taɓa. In kuma akwai wata lalura, ko ta maganin Inna ce, ka faɗa mini. In na sayar da akuya ɗaya ta isa."

Mutumin yana tsaye a ƙofa cikin shadda mai sitaci, cikinsa babu komai sai ruwa. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam Mu'azu, har lalacewar ta kai in ci sadakar masinja? Mayar da kayanka. Gidan nan babu abin da aka rasa."

Yana da shadda sun fi goma a akwati. Yana da waya a ƙugu. Ɗaya daga ciki ta isa maganin wata biyu. Me ya hana shi sayarwa? Kada dillali ya faɗa a unguwa. Kada a ce wane ya karye.

Sai ya taka har Tarauni, inda ba a san shi ba, ya shiga wani kemis. Ya tambayi kuɗin maganin, aka faɗa masa, ya ga ya fi ƙarfin aljihunsa. Sannan ya ce a ba shi farasitamol, mai arahar nan. Ya dawo gida, ya ɓare su, ya zuba a kwalbar Inna. A ransa yana cewa kwana biyu ne, gobe ko jibi za a janye yajin.

Inna ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Ta juya ƙwayar a tafin hannu ta ce wannan ta fi wadda ta saba sha girma. Ya ce, "Kamfanin ne ya canja, Inna." Ta yi bismilla ta haɗiye.

Ku saurari inda abin ya fi ban tsoro. Ciwon kai shi ne ɗan saƙon da jikinta ke aiko mata in jini ya hau. Farasitamol ya danne ciwon kan, jinin kuwa yana ta hawa babu mai ji. Bayan kwana kaɗan ta kira shi ta ce, "Wannan sabon ya fi karɓa ta, kan ma ya lafa. Allah ya yi maka albarka." Ya buɗe baki ya ce amin.

Akwai Sista Chinwe, nas ce da ke haya a gidan da ke kallon nasu. Duk Asabar takan shigo da abin awonta ta duba jinin tsohuwar kyauta, tana kiranta Mama. Ya san in ta auna, asiri ya tonu. Sai ya tare ta a ƙofa ya ce Inna ta tafi ƙauye, sai bayan yaji za ta dawo. Tsohuwa kuwa tana ɗaki a kan tabarma tana jan carbi. Ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu, ya toshe da hannunsa ƙofar ƙarshe da ta rage.

Sati uku, sati huɗu. Inna ta fara jiri. Ta ce tana ganin hazo-hazo. Rannan jini ya zubo mata ta hanci. Balaraba ta faɗa masa hankali a tashe, ya ce zafin gari ne. Ya saka hularsa ya fita.

Ran wata Talata da hantsi, Inna ta ɗauki buta za ta yi alwalar walaha. Ba ta kai bakin rariya ba ta faɗi. Baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki. Ihun Balaraba ne ya shigo da Sista Chinwe a guje. Ta tsaya turus da ta ga wadda aka ce tana ƙauye. Ta auna jinin, fuskarta ta canja, ta ce a kawo mata maganin da take sha. Ta zazzage kwalbar a hannunta, ta duba, ta ɗago kai.

"Oga, wannan farasitamol ne. Wa ya sa shi a nan? Tun yaushe?"

Inna tana kwance a tsakar gida, harshe ya mutu, amma kunne yana ji. Ta juyo da idonta ta sauke a kan ɗanta.

Malam Mu'azu ne ya kai awakinsa biyu kasuwa aka kwantar da ita a asibitin kuɗi. Kwana uku ta yi. Mutumin ya durƙusa a gefen gado yana kuka, yana cewa, "Inna, ki yafe mini." Duk lokacin da ya faɗa, sai ta lumshe ido, hawaye na bin kuncinta. Yafewa ce? Ƙin ganinsa ne? Babu wanda ya sani sai Allah. A rana ta uku ta cika ba tare da ta furta kalma ɗaya ba.

Kwana tara da binne ta aka janye yajin aiki, aka biya kowa albashinsa na baya gaba ɗaya.

Bai ƙara zama daidai ba. Aiki ya gagare shi, aka sallame shi. Balaraba ce ke riƙe da gidan da sana'ar hannunta. Shi kuwa har yau, duk ƙarshen wata, sai ya bi kemis-kemis na Tarauni da 'yan canjin da ya samu, yana neman maganin hawan jini, na gaske, wai Inna tana jira. Masu kemis ɗin da suka san shi sukan ce masa maganin ya ƙare. Sai ya zauna a bakin kantin yana roƙonsu kada su bari ta yi fashi.

Ya 'yan uwa, ba yajin aiki ne ya kashe tsohuwar nan ba. Yajin ya sami gidan Malam Mu'azu ma, kuma ba a fasa ɗora tukunya ba. Almubazzaranci ne ya kwashe gidan tun ana cikin yalwa, girman kai ya kori mai taimako, ƙarya ta ƙarasa sauran. Kai ma'aikaci da ke jiran ƙarshen wata, in aka rufe ofis gobe, kwana nawa gidanka zai kai? Maganin wa zai fara yankewa? Ka ajiye wani abu tun hannunka na da maiƙo. In kuma ta ƙure maka, ka buɗe baki ka faɗa wa maƙwabcinka. Kunyar roƙo ta yini ɗaya ce. Uwa kuwa in ta tafi ba ta ce ta yafe ba, babu kuɗin da zai sayo maka wannan kalmar.

Ya Allah, ka raba mu da ɓarnar dukiya da ganin ido. Ka sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Ka jiƙan tsohuwar nan, ka sassauta wa ɗanta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.