Magini da Buhun Siminti Ɗaya

Akwai wani magini a wani gari, sunansa Habila, yana da wata ɗabi'a mai ba mutane dariya. Duk Litinin sai ya je shagon wata tsohuwa mai sayar da siminti ya ɗauki buhu ɗaya bashi, alhali kuɗin na cikin aljihunsa. Tsohuwar ba ta iya rubutu ba, sai ta ja layi da gawayi a jikin bango. Ran Asabar ya kawo kuɗin, ta jiƙa tsumma ta goge layin.

Taubashinsa Irimiya, shi ma magini ne, yakan tare shi a hanya ya ce, "Bawana, buhu ɗaya ma sai bashi? Zo in ba ka sadaka. Ni tun da nake ban taɓa cin bashin ko ƙusa ba."

Habila ya ce, "Ajiye sadakarka, maigida, za ta yi maka rana."

A kwana a tashi buhu ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama ashirin. Wata Asabar da damina rafin da ke tsakanin unguwarsu da kasuwa ya cika ya batse. Habila ya cusa kuɗin cikin hula, ya faɗa ruwa. Ya isa shago sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan kuwa ya tafi yawon duniya.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ai da ka bari sai Litinin."

Ya ce, "Iya, Asabar na ce miki."

Da rani ya yi, dattawan gari suka ce za a gina gada a kan rafin kafin ruwa ya sauko, domin yara su riƙa zuwa makaranta. Siminti buhu ɗari uku ne, ba za a biya magini ba sai an gama, kuma wanda ya fara sauke kaya a bakin rafi, aikin nasa ne. Cikin su biyun ba mai kuɗin buhu hamsin.

Irimiya ya riga Habila zuwa shago, ya sha babbar riga, ya nemi bashin buhu ɗari uku. Tsohuwar ta ce, "Nuna mini wurinka a bangon nan."

Ya ce, "Iya, ai ni ban taɓa cin bashi ba."

Ta ce, "Ban taɓa ganin biyanka ba ke nan. Ɗauki buhu ɗaya, mu gani zuwa Asabar."

Yana tsaye yana share gumi sai ga Habila. Tsohuwar ba ta bari ya gama gaisuwa ba. Ta nuna wani wuri a bangon da yawan gogewa ya cinye fentinsa har bulo ya fito, ta ce, "Ga naka. Je ka nemo mota." Ta yi ta jan layi har gawayin ya ƙare a hannunta.

Aka gama gada kafin ruwan fari. Yara suka haye suna waƙa, mata suna guɗa. Habila ya bi bayansu da kuɗin tsohuwa a bushe, takalmansa biyu cif a ƙafa. Ran Litinin kuwa aka hango Irimiya ɗauke da buhu ɗaya a ka.

Ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattu. Kowannenmu yana da wuri a bangon wani. Ka ce wa mamarka za ka dawo kafin rana ta faɗi, layi ne. Kin ari littafin waƙa kin ce sai Lahadi, shi ma layi ne. Ba a gina amana ranar da ake neman buhu ɗari uku, tun daga buhu ɗaya ake farawa. Ubangiji ba mai shago ba ne, alherinsa kyauta ne, amma yana ganin yadda muke cika ƙananan alkawura kafin ya damƙa mana babban aiki. Wanda ya san yana da layi a bangon wani, ya je ya goge shi a wannan mako. Har da wanda ya ari tsintsiyar majami'a tun Kirsimeti.