Sanusi Mai Turanci da Tsohuwar da Ya Sauke a Landover

Akwai wani mutum a Largo, cikin jihar Maryland, ana kiransa Malam Sanusi. Mutumin Zariya ne, ya shekara goma sha biyu yana koyar da Turanci a sakandare kafin cacar biza ta faɗo kansa a 2006, ya kwaso iyalinsa suka zo Amurka. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi. Aibinsa guda ne, amma ya isa aibi: Sanusi ya gwammace a yanka shi da ya buɗe baki ya ce bai gane ba. Turancinsa kuwa shi ne abin taƙamarsa. Ko a gidan suna aka haɗu, kowa yana Hausarsa yana cin tuwo, sai ka ji shi ya maƙale murya yana zuba Turanci ta hanci, har yana gyara wa yaran da aka haifa a ƙasar lafazi.

Aikin da ya samu bai kai girman da yake ba kansa ba. Direba ne a wani ƙaramin kamfani mai ɗaukar marasa lafiya daga gida zuwa asibiti, a jira su, a mayar da su. Mai kamfanin wata 'yar Ghana ce, Madam Pauline. A tsakiyar 2013 ta tara direbobinta ta ce ta samu sabuwar kwangila, ta tsofaffi masu zuwa wankin ƙoda, galibinsu mutanen El Salvador da Honduras, ba sa jin Turanci ko kaɗan. Ta ce nan da wata uku tana son direba mai jin Sifaniyanci. Wanda ya cika sharaɗin za ta ba shi sabuwar mota, kuma shi ne zai zama shugaban direbobi.

Kalmar shugaba ce ta shiga kunnen Sanusi ta ƙi fita. A ranar ya yi rajista a wata makaranta ta intanet. Wata uku yana zaune gaban kwamfuta yana zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu, yana ci. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba a raba shi da shi. Ya haddace jadawalin aikatau, ya san namiji da tamata na kalmomi. Sai dai duk tsawon lokacin nan bai yi magana da mutum mai rai ko sau ɗaya ba, kunnensa bai saba da komai ba sai muryar na'ura mai jan kalma a hankali.

A kamfanin akwai wani direba, Idrissa, ɗan Maraɗi, wanda bai wuce firamare ba. Shi nasa koyon a bakin titi ya yi shi. Kullum da azahar zai tsaya wurin wasu mata masu jin Sifaniyanci da ke sayar da abinci a mota kusa da wani asibiti, ya sayi wake da shinkafa, ya yi ta kwaɓa musu yare. Su yi ta dariya har da riƙe ciki, su sa shi ya maimaita kalma sau biyar, ya maimaita, shi ma yana dariyar kansa. Wata rana ya ga Sanusi a cikin mota da littafi, ya leƙa ta taga.

"Malam Sanusi, sannu da karatu. Taho mu tahi wajen matan can, ka gwada bakinka. Wallahi harshen ga kamar namu ne, yadda anka rubuta haka ake hwaɗi. Ka kaɗa harshe kamar za ka ce rahama, shi ke nan. Bakin Bahaushe ya hi na Nasara dacewa da shi."

Sanusi ya dube shi sama da ƙasa. Shekara ashirin ya yi yana goge Hausa daga bakinsa don Turancinsa ya fita tas, yanzu a ce ya dawo da ita? Ya ce, "Idrissa, ni ta hanyar ilimi nake koyo. Ba zan je in tsaya masu sayar da abinci su mayar da ni abin dariya ba."

"To, dariya tana kisa ne, Malam?"

Sanusi ya ɗaga gilashin motarsa.

Da wa'adi ya cika sai ya shigo ofis da satifiket a cikin firem, an buga masa hatimi mai ruwan zinare. Idrissa ba shi da komai a hannu sai bakinsa. Madam Pauline ita ma ba ta jin yaren, ba ta da yadda za ta gwada su, sai ta bi takarda. Abin haushi, haka aka miƙa wa Sanusi makullin sabuwar mota da shugabanci, aka bar Idrissa da tsohuwar akwalarsa.

Ranar farko ya gane cikin abin da ya jefa kansa. Ya je Landover, wani gari kusa da Largo, ya ɗauki wata tsohuwa, Doña Consuelo, 'yar shekara saba'in da huɗu, ƙanƙanuwa, tana dogara sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. 'Yarta ce ta rako ta bakin mota, an riga an faɗa musu a ofis cewa direban yana jin yarensu. Sanusi ya gaishe ta da gaisuwar littafi, da lafazin Bature. Fuskar tsohuwar ta washe, ta kama hannunsa, ta ɓarke da magana. Maganar ta wuce shi kamar ruwan famfo, bai tsinci ko kalma uku ba. A nan ya kamata ya ce ta yi a hankali, sabon koyo ne shi, jimlar ma tana shafin farko na littafinsa. Maimakon haka sai ya gyaɗa kai ya ce, "Sí, sí," wato e, e.

Daga nan abin ya zama sana'a. Litinin, Laraba da Juma'a yana ɗaukarta da safe, ya mayar da ita bayan azahar ta fito daga injin wankin ƙoda a galabaice. Tana zaune a kujerar da ke bayansa tana magana tun daga ƙofar gida har asibiti. In muryarta ta yi sama ya ce sí. In ta yi dariya ya yi dariya. In ta yi ƙasa da murya ya girgiza kai ya yi ajiyar zuciya. Ya ƙware a wannan wasan har ya fara jin daɗin kansa, yana gaya wa mutane a masallaci cewa yanzu harsuna uku gare shi. Wata huɗu aka yi a haka.

A mako na biyu na Janairu sanyi ya sauko irin wanda ke fasa bututun ruwa. Ranar Litinin tsohuwar ta yi masa dogon bayani, tana nuna gidansu tana kaɗa hannu. Ya ce sí. Ranar Laraba ta sake, sannan ta ciro wata takarda daga jakarta ta miƙa masa. Takardar coci ce mai hoto a gaba. Sanusi ya ɗauka wa'azi take masa, ya karɓa da yatsa biyu, ya yi murmushin dole, ya cusa ta cikin aljihun ƙofar mota. Da ya juya ta kawai, da ya ga adireshi a bayanta da manyan haruffa. Abin da take faɗa masa kwana biyun nan shi ne ranar Juma'a za su tashi daga gidan. Zai ɗauke ta a Landover da safe yadda aka saba, tana asibiti za a kwashe kaya, in ta fito ya kai ta sabon gida a Largo. Da 'yarta ta tambaye ta ko direba ya gane, ta ce ya gane sarai, har ya karɓi adireshin. Saboda haka 'yar ba ta ga dalilin kiran ofis ba.

Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi ya tsaya a ƙofar tsohon gida. Ya fito ya buɗe mata. Tsohuwar ta leƙa, ta ga inda suke, ta ƙi motsi. Ta riƙe kujera tana cewa no, no, tana magana da sauri. Wannan kam ya gane, domin no ko a Turanci no ce. Ya san sarai akwai matsala. Wayarsa tana aljihu, lambar Idrissa tana ciki, minti ɗaya ya ishe su. Har ya taɓa wayar. Sai ya hango Idrissa a ransa yana cewa, "A'a, Malam, kai da satifiket?" Ya hango labarin ya zaga direbobi, ya kai kunnen Madam. Ya cire hannunsa daga aljihu.

Ya gaya wa kansa rigimar tsufa ce, gajiyar injin ce ta ruɗa ta. Ya lallaɓa ta da sí, sí, ya ɗago ta, ga ta ba nauyi, ya zaunar da ita a bencin da ke bakin ƙofa inda aka saba saukowa a tare ta. Tana riƙe da hannun rigarsa ya zame a hankali. Ya shiga mota ya ja, yana sauri kada sallar Juma'a ta wuce shi. Ka ji fa, sallah!

Ƙofar ginin sai da makulli take buɗewa, makullin kuwa an mayar wa mai gida tun da hantsi. Tsohuwar ba ta da waya. Ranar aiki ce, ga sanyi, ba mai wucewa sai ɗaiɗai, su ma kansu a ƙasa. 'Yarta tana can sabon gida tana jira, ta ɗauka an yi jinkiri ne a asibiti kamar yadda akan yi. Sai ƙarfe uku ta kira ofis. Madam Pauline ta kira Sanusi, ya ce ya sauke ta a gida lafiya lau. Aka gaya wa 'yar haka, ta fita tana zaga sabuwar unguwar tana kiran uwarta. Da ta sake kira tana kuka, ɗan Turancinta ya watse, sai Madam ta haɗa ta da Idrissa. Bai yi minti biyu yana saurare ba ya juya motarsa a tsakiyar titi. Ƙarfe huɗu da rabi ya same ta a kan bencin, ta kife a kan sandarta, leɓɓanta sun canza launi, ba ta iya amsa sunanta.

Ta rayu, da ƙyar. Sanyin ya kama mata huhu, aka kwantar da ita mako uku, aka yanke mata yatsun ƙafa biyu. Ranar Litinin da ta biyo bayan wannan Juma'ar Madam Pauline ta kira Sanusi ofis, Idrissa yana tsaye a gefe. Takardar cocin tana kan tebur, an juya bayanta. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta sa Idrissa ya yi masa tambaya ɗaya da Sifaniyanci, a hankali. Sanusi bai gane ta ba. Tambayar ita ce 'ya'yansa nawa. Madam ta miƙa hannu ya ajiye mata makulli, ta ce kwangilar ma ta tafi saboda shi, kada ta ƙara ganinsa a harabarta.

Bayan kwana goma ya kira Idrissa, da muryar da bai taɓa yi masa magana da ita ba, ya roƙe shi ya raka shi asibiti. Ya ce yana son ya nemi gafara, kuma ba shi da bakin nema. Idrissa bai goranta masa ba, ya ce ya taho su tahi.

Suka same ta a kwance da robar iska a hanci, 'yarta na zaune ta haɗe rai. Sanusi ya durƙusa a gefen gado ya yi magana da Hausa, Idrissa yana juyawa. Ya ce laifinsa ne, bai gane abin da ta ce ba, girman kai ya hana shi tambaya. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Idrissa ya ce, "Tana tambaya, ranar nan kaɗai ce ba ka gane ba?"

Sanusi ya ce, "Gaya mata tun ranar farko."

Idrissa ya gaya mata. Ta rufe ido, ta sake magana, wannan karon doguwa, hawaye na gangarowa zuwa kunnenta. Idrissa bai juya maganar ba sai da Sanusi ya taɓa shi.

"Malam, ta ce tana da ɗa namiji, direban bas ne can ƙasarsu, an harbe shi a bakin aiki. Ta ce ba ta iya zancensa a gida, don 'yarta ba ta jurewa. Kai kaɗai take ba labarinsa, wata huɗu. Ta ce har ta hwaɗa ma mutanen cocinsu Allah ya ba ta wani ɗa mai saurare."

Tsohuwar ta juya fuskarta bango. 'Yarta ta tashi ta buɗe musu ƙofa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa da shi ya fara, abin kunya shi ne ka ɓoye shi ka bar wani ya dogara da sanin da ba ka da shi. Mai son koyon harshe dole ya kai bakinsa da kunnensa wurin masu harshen, ya yarda a yi masa dariya, a gyara masa, ko da mai gyaran bai kai shi karatu ba. Kuma duk wanda aka damƙa wa amanar mutum, direba ne ko ma'aikacin asibiti ko tafinta, ya sani cewa gyaɗa kai alkawari ne. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ka nemi wanda ya gane tun kafin a cutu. Kunyar minti ɗaya Sanusi ya guje wa, ya rasa aikinsa da mutuncinsa, ya kuma bar wa baiwar Allah raunin da neman gafararsa bai warkar ba.